Mahaddacin Da Ya Ci Amanar Ziblim

Ya 'yan uwa, idan Allah ya ba bawansa baiwa, kuma baiwar ce ta kai shi ƙasa, daga wace rana za a fara rubuta masa zunubi? Na daɗe ina juya wannan tambaya. Na kai ta gaban waɗanda suka fi ni sani a unguwannin Maamobi da Madina, kowa ya ba ni tasa amsa, babu wadda ta zauna mini. Ku dai ji labarin.

An yi wani saurayi a nan unguwarmu ta Nima. Ba zan faɗi sunansa ba, domin mahaifiyarsa, Mma Abiba mai sayar da shinkafa da wake a bakin babbar kwata, ba ta yi mana laifin komai ba. Allah ya yi masa hadda. Tun muryarsa ba ta fashe ba ya sauke Alƙur'ani da ka. Da aka sa shi boko, abin da duk idonsa ya bi sau ɗaya, ya zauna. A shekarun da aka sauke tutar Ingila, gwamnati ta ɗauki nauyin karatunsa a jami'ar nan ta kan tudu. Ranar tafiyarsa, 'yan dako suka ajiye kayansu suka raka shi har bakin trotro, motar hayarmu. Daga ranar uwarsa ma Karaci take kiransa, yadda muke kiran mai ilimin boko.

Ni ban taɓa zama a ajin boko ba, amma na tambayi waɗanda suka zauna a can. Suka ce tun ranar farko ake karanta wa ɗalibi dokoki. A can za ka kwana. Ba ka fashin zama da malaminka. Akwai baƙar riga mai faɗi da ake sawa a shiga cin abinci. Babbar dokar kuwa ita ce: kada ka ɗauki maganar wani ka ce taka ce. In ka ɗauka, faɗi sunan mai ita. Wanda ya ƙi, kora. Wanda kuma ya ba da aikinsa aka kwafa, shi ma ba ya tsira.

Rubutun farko da aka sa shi, sai ya juye babi guda na wani littafi daga kansa, ya miƙa. Malaminsa, wani Bature, ya kira shi ya ce, "Wannan maganar wa ce?"

Ya ce, "Ta mai littafin ce. Duba ka gani, ko wasali ban rage ba."

Yabo yake jira. Haka aka tashe shi: ladabin ɗalibi shi ne ya maido abin da aka ba shi daidai. Baturen ya gane, ya yafe masa, ya zaunar da shi ya yi masa bayanin dokar dalla-dalla. Har zuwa nan ban ga zunubi ba. Amma ya fita daga ɗakin nan yana sane.

Sai Nima ta fara jansa. Duk ƙarshen mako yana nan, da baƙar rigar nan da aka ce ta can ce, yana ratsa lungu yara na biye. Shi ne mai jawabi a wurin suna, shi ne tafinta a wurin taro. Littattafai suna can kan tudu a rufe. In aiki ya matso, sai ya nemi tsohon littafin da malamai ba su cika buɗewa ba, ya haɗiye, ya amayar. Ba a kama shi ba. Kuna tsammanin rashin kamun nan rahama ce?

A shekarar ƙarshe akwai babban rubutu da kowane ɗalibi zai kawo daga binciken kansa, in babu shi ba a barin mutum ya zauna jarrabawa. Lokaci ya ƙure, mutumin nan ba shi da ko layi.

Maƙwabcin ɗakinsa wani Badagombe ne daga Savelugu, sunansa Ziblim. Musulmi kaɗan ne a wurin, su biyu suke sahu. Ziblim ya ƙarar da hutunsa a arewa, yana zama gaban tsofaffi yana tambayarsu yadda ayarin goro yake bi ta garinsu. Aikinsa ya yi kyau, Turancinsa ne ke ɗingishi. Ya kawo wa abokinsa ya ce, "Malam, duba mini Turancin nan, kada su yi mini dariya."

Mutumin namu ya karanta a gabansa, ya gyara masa kalmomi kaɗan, ya miƙa masa kayansa. Ko takarda ɗaya ba ta kwana a hannunsa ba. Amma duk aikin ya riga ya shige kansa. Ya zauna ya rubuta shi, ya cire wuraren da Ziblim ya ambaci danginsa, ya sa sunansa a sama, ya riga mai aikin miƙawa.

Malamai suka ga rubutu biyu iri ɗaya, suka dakatar da su duka, suka sa ranar zama.

Ziblim ya biyo shi har Nima, ya same shi a rumfar uwarsa. Mma Abiba ta zuba wa baƙo abinci ta koma kan tukunyarta. Ziblim ya rage murya ya ce, "Malam, don Allah. Ka faɗa musu nawa ne. Ka ce tsoro ne ya kama ka, wataƙila su sassauta."

"Wa zai yarda kai ka rubuta wannan Turancin?"

"Kai ka sani. Allah ya sani. A garinmu an riga an gaya wa yara su yi koyi da ni. Da wace fuska zan koma?"

Mutumin namu ya dubi uwarsa, ya dubi mutanen da ke wucewa suna gaishe shi. Ya ce, "Ni ban san abin da kake faɗi ba. Ci abincinka."

Ziblim ya tashi bai taɓa kwanon ba. Mma Abiba ta ce, "Karaci, baƙonka ba ya cin wake ne?" Ya ce, "Sauri yake, Mma."

Ranar zama, ya zo da dabarar da yake ganin babu mai tsallake ta. Ya ce wa malaman, "Ku rufe takardun. Mai abu shi ya san abinsa." Aka ce Ziblim ya fara, ya yi layi biyu ya sarƙe. Mutumin namu ya miƙe, ya harɗe hannu a baya kamar gaban malamin allo, ya kama zuba. Shafi bayan shafi, babu tuntuɓe. Har jikinsa ya fara rangaji.

Ku da kuka yi tilawa kun sani: harshen mahaddaci ba ya tsallake. Abin da ya shiga da farko shi ke fitowa. Yana cikin gudu sai ɗakin ya ji ya ce, "Kamar yadda kakata Memuna ta faɗa mini a ƙofar gidanmu a Savelugu."

Ya yi layi guda gaba kafin ya ji abin da bakinsa ya faɗa.

Malamin nan Bature ya buɗe takardun biyu. Maganar tana cikin ta Ziblim, babu ita cikin tasa. Ya ce, "Kana da kaka a Savelugu?"

Aka kore shi a ranar. Ziblim kuma, saboda ya ba da aikinsa a hannun wani, aka hana shi jarrabawar shekarar, gwamnati kuwa ba ta ɗaukar nauyin shekarar maimai. Ya ɗaure akwatinsa ya hau motar arewa.

Mutumin namu ya kasa faɗa a gida. Ya ce an ba su hutun shiri ne. Kullum da safe ya fita da littafi, ya je ya zauna kan bulo a unguwar Kanda inda ake gine-gine, har la'asar. Yana ganin ranar yaye ɗalibai tana matsowa, yana ganin uwarsa ta ɗinka sabon zane, matan layin sun yi anko, bakinsa ya ƙi buɗuwa. Ranar da safe ya ɓace. Suka cika trotro suka hau tudu, suna cewa ya riga su ne. Suka zauna cikin rana ana kiran sunaye. Aka kira na ƙarshe, aka tashi. Mma Abiba tana zaune tana cewa, "Ku dakata, ba su gama ba."

Duk ofishin da ya je neman aiki, sai a ce ya kawo shaida daga makarantarsa. Ya fara shan giyar da ake dafawa a bayan kwata don ya samu barci. Ya tafi Savelugu neman Ziblim, aka ce ya bar gari, babu wanda ya san inda ya nufa. Ya dawo ba daidai ba. Abin da ya fi ba ni tsoro, ya 'yan uwa, Alƙur'anin ya riƙa zame masa sura bayan sura, amma rubutun da ya sata yana nan daram, ko harafi bai goge ba.

Kada wani ya ce dokar Turawa ce ta ci shi. Ku saurari malamanmu in za su kawo magana: an karɓo daga wane, shi kuma daga wane. Me ya sa suke wahalar da kansu da jerin sunaye? Domin ilimi amana ne, kuma yana da masu shi. Ku da 'ya'yanku suka fara hawa tudun nan, ku gaya musu: dokar da ka amsa da bakinka alkawari ce. Ku kuma rage ɗora musu girman da zai sa gaskiya ta fi ƙarfin bakinsu.

Mutumin namu yana nan har yau a tashar motocin arewa. In mota ta cika, sai ya matso jikin taga, ya harɗe hannu a baya. Kafin ya fara zuba Turancinsa, sai ya ɗaga murya ya ce wa fasinjoji, "Wannan maganar Ziblim ce, mutumin Savelugu, ya karɓo daga kakarsa Memuna. Ba tawa ba ce. In kun gan shi ku faɗa masa na faɗa." Motar ta tashi, ya jira ta gaba.

Ya Allah, kada ka sa baiwar da ka yi mana ta zama shaida a kanmu. Ka ba mu ikon faɗin gaskiya tun tana da amfani. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye 'ya'yanmu. Amin.