Mai Awara a Teburin Foka

Akwai wata mata a garin Sakai mai suna Michiyo Nagase. Shekara talatin da biyar tana yin awara tare da mijinta. Da ya rasu, ranar Lahadi ta zame mata doguwa, sai ta fara leƙa wani kulob da ke saman shagon aski, inda ake buga kartar foka da rana. Ba kuɗi ake zubawa ba. Ƙwayoyin roba ne, a tara maki, wanda ya fi kowa bayan mako goma sha biyu shi zai wakilci kulob a gasar Osaka.

Michiyo akwai tambaya. Komai aka yi sai ta ce, "Me ya sa?"

Tabata, tsohon direban bas da ke raba musu kati, bai taɓa gajiya da ita ba. Shi ya koya mata cewa kafin ta zuba ƙwaya, ta fara ƙirga kati nawa ne za su cece ta cikin waɗanda ba ta gani ba. Abin ya shiga ranta. Ko tana tace waken suya da safe, lissafin take yi.

Gwanin kulob ɗin kuwa Horiuchi ne, wani dillalin motoci mai baki. Shi ba ya ƙirga komai. Cewa yake jikinsa na gaya masa.

A mako na huɗu suka haɗu. Michiyo na riƙe da kati biyu masu hoton zuciya, ga wasu biyu a tebur. Saura guda ɗaya ta cika biyar ta cinye. Ƙwaya ɗari ce a tsakiya, Horiuchi ya turo wata ɗarin.

Ta shiga motsa leɓe. Masu zuciya tara suka rage cikin kati arba'in da shida da ba ta gani ba. Kusan sau ɗaya ke nan cikin biyar. Idan ta ci sau ɗaya ta samu ɗari biyu, idan ta faɗi sau huɗu ta rasa ɗari huɗu.

"Inna mai awara, waken ne bai jiƙu ba?" in ji Horiuchi. "Muna jira."

Ta ajiye katinta, ta janye.

Horiuchi ya sa hannu ya buɗe katin da zai fito. Zuciya ce. Tebur ya kwashe da dariya.

"Kin gani? Da kin rufe ido kin bi ni, da yanzu kin tsiyata ni. Ki bar lissafi a shago, Inna."

Kunya ta kama ta. Da aka tashi, ta tsaya a bakin matakala ta ce wa Tabata, "Baba Tabata, ko dai na yi wauta?"

"Da za a sake raba miki irin wannan katin sau ɗari, me za ki yi?"

Ta ce, "Zan ajiye."

"To me kike tambayata?"

Ta koma gida tana juya maganar. Mako mai zuwa ta dawo, ta ci gaba da motsa leɓenta. Idan abin da za ta zuba kaɗan ne kan abin da ke tsakiya, ta bi. Idan ya yi tsada, ta janye, ko wa ke dariya. Ba ta taɓa zuwa ta ɗaya ba. Kullum ta biyu, ta uku. Horiuchi kuwa yau shi ne a sama, wani makon tun kafin shayinsa ya huce an fitar da shi.

Ranar ƙarshe ita da Horiuchi suka rage. Wannan karon ita ce a gaba, shi ke neman kati guda. Ya tura duk abin da ke gabansa, ta bi shi. Tabata ya buɗe katin, kuma sai ga abin da Horiuchi ke nema. Ya cinye.

Ya miƙe yana gyara kwat. "Ban gaya muku ba?"

Tabata ya tafi allo ya haɗa makin mako goma sha biyu. Sunan Michiyo ne a sama. Horiuchi na huɗu.

Horiuchi ya daɗe yana kallon allon. Can ya jawo kujera kusa da ita, ya rage murya.

"Inna, wannan abin da kike yi da leɓe... daga ina ake farawa?"

Michiyo ta karɓi katin daga hannun Tabata ta baje a tebur.

"Zauna sosai. Guda nawa ne gaba ɗaya?"

"Hamsin da biyu."

"Ashe ka iya."

Darasi: Kada ka auna shawararka da abin da ya faru sau ɗaya. Mai ganganci kan dace, mai tunani kan faɗi, amma in tafiya ta yi nisa, wanda yake auna abu kafin ya taka shi ke gaba. Ku tura wa wanda ake yi wa dariya don yana tsayawa ya yi tunani.