Ranar Da Hannun Vernon Ya Yi Rawa

A unguwarmu ta 'yan fansho da ke garin Mesa, babu wanda bai san Vernon Tuckett ba a filin pikilbol, wani wasan ƙwallo mai kama da tanis. Tsohon direban tirela ne, hannunsa da ƙarfi, amma yana da wani hali. Ba ya wasa sai da wanda ya tabbata zai cinye. Da gwanaye sun shigo fili, sai ya ce gwiwarsa ta motsa.

Da gasar ma'aurata ta matso, Dolores mai koyar da mu ta tara masu zuwa. Ta ce kowa ya rufe ido, ya ɗauka ana cin sa a gaban jama'a, ya yi ta jan numfashi har zuciyarsa ta kwanta.

Vernon ya tuntsire da dariya. "Dolores, gasa za mu ko jana'iza? Ni ban zo koyon faɗuwa ba."

Matarsa Marlene, wadda da ita zai shiga gasar, ta ce, "Zauna mana, Vern. Kai da ko a karta aka ci ka sai ka ƙi cin abinci."

Ya ɗauki kofinsa ya fice.

Ranar gasa aka haɗa su da wasu mata da miji daga garin Tucson, dattawa masu sanyin hannu. Ba sa buga ƙwallo da ƙarfi, sai su ajiye ta a gindin raga. Kafin a ce me, sun yi wa su Vernon nisa. Daga bencin da nake zaune na ga fuskarsa ta canja. Gumi ya jiƙa masa riga, faifan buga ƙwallon yana rawa a hannunsa. Ya buga, ƙwallo ta faɗa raga. Ya sake, ta fita waje. Sai waige-waige yake yana duban 'yan kallo.

Marlene ta ce, "Ja numfashi, tsohona. Wasa ne fa."

"Rufe min baki! Ke ce kike zubar mana!"

Sai ga wata ƙwallo ta taso sama ta ɓangarenta. Ta ɗaga murya, "Tawa ce!" Vernon bai ji ba. Ya daka tsalle ya kai bugu da iya ƙarfinsa, gefen faifan ya sauka a kan tabarau ɗinta. Mun ji ƙarar fashewar gilashin har inda muke.

Marlene ta durƙusa, jini yana bin yatsunta.

"Vern, ba na gani. Vern, kana ina?"

Yana tsaye a kanta yana kallon jinin. Motar asibiti ta tafi da ita, ni na bi da shi a tawa, don ya kasa riƙe makulli. Duk hanya abu ɗaya yake maimaitawa: "Idan ta makance fa? Idan ta makance fa?"

Likitoci sun ceto idon, amma har yau dishi-dishi take gani da shi. Marlene ba ta ƙara shiga fili ba, ita da wasan ya fi daɗa wa rai. Idan an kawo ta ta gaisa da mu, Vernon a mota yake zama.

Darasin da ke nan shi ne, mai shiga gasa ya shirya zuciyarsa kamar yadda yake shirya hannunsa. Wanda girman kai ya hana shi sabawa da faɗuwa, ranar da ta zo masa tsoro ne zai karɓe linzami, kuma sau da yawa wanda ya fi kusa da shi ne zai sha wahalar.