Layi Uku da Bang Tae-sik Ya Goge

Akwai wani shugaban masu rubuta manhaja a wani ƙaramin kamfani a birnin Daejeon na Koriya ta Kudu, sunansa Bang Tae-sik. Gwani ne, amma yana son sunansa kamar ransa. Shekara goma sha ɗaya yana liƙa shi a saman kowane fayil da ya taɓa.

Da za su haɗa manhajar na'urar awon jini, sai ya ɗauko aikin marigayi Farfesa Nam, wanda ya bar wa duniya kyauta bisa sharaɗi ɗaya tak: kada a taɓa layi ukun da ke sama, masu ɗauke da sunansa da shekara da haƙƙin mallakarsa.

Tae-sik ya goge su, ya dasa sunansa.

Mataimakiyarsa Yeom Su-jin ta rusuna ta ce, "Ranka ya daɗe, lasisin fa da layukan nan yake tsaye. In babu su, ba mu da izini."

Ya yi tsaki. "Tsohon da ke kabari? Ya taso ya kai ni kotu mana! Koma kujerarki, malama lauya."

Ta koma, ranta a ɓace.

Bayan wata tara, wani kamfanin Osaka ta ƙasar Japan ya turo masu bincike kafin ya sayi na'urar. Can tsakiyar fayil suka tarar da wani bayani da Tae-sik bai taɓa karantawa ba: "Na gyara nan ranar da aka haifi jikata. Nam."

Ciniki ya rushe. 'Yar marigayin ta aiko da takardar lauya, aka kwaso na'urorin daga asibitoci, ma'aikata shida da ba su ji ba ba su gani ba suka rasa aiki.

Tae-sik ya sunkuya gaban mai kamfani har goshinsa ya kusa taɓa tebur. Mutumin ko kallonsa bai yi ba. Ya ce, "Su-jin, mayar da sunan Farfesa. Na wannan kuma cire shi daga ko'ina."

Tae-sik yana tsaye rungume da kwalin kayansa na sallama, Su-jin ta danna maɓallin kwamfuta. Sunan da ya shekara goma sha ɗaya yana liƙawa, ko minti ɗaya ba a yi ba aka gama goge shi.

Darasi: Wanda ya ba ka guminsa kyauta ya ce ka bar masa sunansa kawai, to ka bar masa. Doka ce, kuma amana ce. Ku tura wa duk mai rubuta manhaja da kuka sani.