Burodin Malam Nomau

An yi wata baiwar Allah a wani gari, shekarun baya, sunanta Tabawa. Tana zaune gida ɗaya da surukinta, Malam Nomau, tsohon mahauci mai kaifin baki. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa cikin nama, sai ga shi haƙora sun zube. Amma ya yarda a sani? Ina! In an kai masa soye sai ya ce ya ƙoshi, ya yi ta rama.

Tabawa kaɗai ta lura. Duk ranar kasuwa sai ta sa mijinta Ilu ya sayo naman wuyan bijimi. Ta zuba a tukunyar ƙasa da albasa da citta da kanumfari, ta rage gawayi, wuta kaɗan-kaɗan, tun hantsi har la'asar. Ku saurara, mata: ba ta barin murhun. Zafi ya dake ta, hayaƙi ya ci idonta, tana nan, har naman ya saki jiki yana wargajewa a cokali. Sannan ta tsaga burodi mai laushi, ta cusa naman, ta yarfa romo.

Kun san kunyar suruki. Ba ta kai masa da hannunta, sai ta ba 'yarsa Marka. Tsoho ya ci, ya suɗe yatsu, ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Marka. Ba kamar waccan ba, mai wuni gaban murhu tuwo bai nuna ba."

Tabawa na ji daga madafa.

Ilu ya ce, "Wallahi yau sai na gaya masa."

Ta ce, "Maigida, ka rufa min asiri. Ran da Baba ya san surukarsa ta gane ba ya iya tauna, ya daina ci ke nan. Bar shi ya ci."

Haka aka yi ta tafiya, albarka ga Marka, gori ga Tabawa. Har wata damina zazzaɓi ya kwantar da ita, ba ta tashi ba.

Bayan sadakar bakwai aka kawo wa tsoho burodi. Ya gatsa, nama kamar igiya. Ya ce, "Ke Marka, yau ina hannunki ya tafi?"

Marka ta fashe da kuka. "Baba, ni ɗaukowa kawai nake yi."

Tsoho ya daɗe yana kallon madafa. Ya buɗe baki zai sa albarka, ya rasa sunan da zai kira, don bai taɓa kiranta da komai ba sai "waccan".

'Yan'uwa, ladan Tabawa yana wurin Allah, ba ta yi asara ba. Masu asara su ne waɗanda suka ci suka yi shiru. Kuma kada wani ya ɗauki labarin nan ya ce wa mace, "Kin ji, ki yi ta haƙuri." Ba ita nake wa wa'azi ba, masu ci nake wa. Yau in an ajiye kwano a gabanku, ku tambayi wadda ta wuni a murhu, ku kira sunanta ku gode mata tun tana iya amsawa.