Takalmin Kamilu Mai Caji

Akwai wani saurayi a Kankiya, Kamilu, mai gyaran waya a bakin tasha. Ya yi odar wani takalmi marar igiya: ka zura ƙafa, ka danna maɓalli, ya tsuke kansa. Caji ake yi masa kamar waya.

Tun daga ranar ya daina kallon fuskar mutane, ƙafa yake kallo.

"Har yanzu tayar mota kake takawa?" Gaisuwarsa ke nan ga manoma.

Aka sa masa ranar zuwa ƙauyen Bauranya gaida Modibbo, mahaifin Hawwa'u da yake nema. An daɗe ba a kawo wuta ba, amma gogan naku ya zura abinsa ya hau babur.

Ya tarar da dattawa a zaure, takalmansu jere a ƙofa. Ya duƙa ya danna maɓalli don ya cire nasa. Shiru. Ya sake dannawa. Caji ya ƙare, takalmi ya riƙe ƙafa gam.

"Yaro, mi ya tsaida ka a ƙofa?" in ji Modibbo.

"Baba, ko akwai janareto nan kusa?"

Jaji, ƙanen Modibbo, ya zaro wuƙa. "Kawo in tsaga maka shi ta baya, ka shigo ku gaisa. Ga nawa, ka koma gida da su."

Kamilu ya janye ƙafa. "A yanka wannan? Baffa, ba ku san ko mene ne ba."

Sai ya shige, ya taka tabarmar da suke salla a kai, da kashin shanun da ya kwaso a hanya.

Modibbo ko murya bai ɗaga ba. "Jaji, naɗe tabarmar nan a wanke. Kai kuma ka gaida gida. Wanda bai iya rabuwa da takalmi don ya gaishe ni, da mi zai rabu don ɗiyata?"

Kafin ya kai Kankiya ƙafa ta kumbura, ga la'asar ta yi, ba halin alwala. Da kansa ya sa reza ya farke shi. Washegari aka maido masa kayan da ya kai wa Hawwa'u.

Ni na gan shi da idona a tasha, da silifas ɗin banɗaki. Ƙafarsa kawai na kalla.

Darasi: Sabuwar fasaha ba laifi ba ce, amma abin da ka saya don ka taka, kada ka bari ya fi maka mutuncin mutane. Ku tura wa samarinku, tun ba su kunyata ku a gidan surukai ba.