Faifan da Ya Daina Karɓa

Akwai wani mutum, malamin waƙa a wata ikilisiya, yana da kwamfutar tafi-da-gidanka. A cikin faifan ajiyarta ya tara muryoyin tsofaffin matan ƙauyensu, suna rera waƙoƙin yabo da harshen iyayensu. Waƙoƙin ba sa cikin littafi, a bakin tsofaffin nan kaɗai suke. Ɗaya bayan ɗaya matan suka tafi gida wurin Ubangiji, sai Kaka Damaris ta rage. Abin da suka bari kuwa yana cikin faifan nan, babu shi a wani wuri dabam.

Wata rana mutumin ya ɗauko sabuwar waƙa daga bakin Kaka, ya zo ajiyewa, kwamfuta ta ƙi. Tsofaffin waƙoƙi suna buɗewa, ana jin su tas, amma sabon abu ba ya shiga, ko sunan waƙa ba ya gyaruwa. Faifan ya kulle kansa, sai dai a karanta, ba a rubutawa. Mutumin ya kashe kwamfuta ya kunna, sai ta karɓa. Ya yi murna, ya ce iska ce ta shige ta.

Ba a daɗe ba abin ya dawo. Ya kashe ya kunna. Ya sake dawowa. Da ya gaji, sai ya kai ta wurin Kefas, ɗan ikilisiyarsu mai gyaran kwamfuta a bakin kasuwa. Kefas ya duba, ya ce, “Malam, ba gardama take yi maka ba. Faifan ne ya fara lalacewa daga ciki. Da ya ji haka, sai ya rufe ƙofar shiga ya bar ta fita a buɗe, don ka kwashe abin da ke ciki tun yana kwasuwa. Ka bar mini ita, in juye waƙoƙin, in sa sabon faifai.”

Mutumin ya ce, “Haba ɗan’uwa, Kirsimeti na bakin ƙofa, mawaƙa suna jirana. In an sauka zan kawo.”

Kefas ya ce, “To, kada ka ƙara ɗora masa komai.”

Mutumin ya ce ya ji. Amma ji irin na wanda ƙafarsa ɗaya ke waje.

A makon nan wani abokinsa ya nuna masa ’yan kalmomi da ake bugawa a tilasta wa faifan ya buɗe. Ya gwada, ya yi. Daga nan ya zama gwani a idon kansa. Duk lokacin da faifan ya kulle, sai ya buga kalmomin, ya ci gaba da loda masa waƙoƙi da hotunan biki. Kirsimeti ta wuce, ya ce sai bayan taron sabuwar shekara. Wannan ya wuce, ya ce sai bayan Ista. In ya hango Kefas a harabar coci, sai ya ɗaga masa hannu daga nesa ya ce, “Tana nan tana aiki lafiya lau!”

Ana nan, Kaka Damaris ta rasu. Matan zumuntar ikilisiya suka zo gidan malamin waƙa, shugabarsu ta ce, “Malam, akwai waƙar da Kaka ta ce a raka ta da ita. Farkonta kawai muka riƙe. Ka kunna mana mu koya kafin jana’iza.”

Ya shimfiɗa musu tabarma, ya ɗauko kwamfuta, ya kunna. Allo ya yi haske, ya tsaya nan. Ya kashe ya kunna. Ya nemi inda zai buga kalmominsa, babu wurin bugawa. Ya ruga wurin Kefas. Kefas ya cire faifan, ya gwada shi a wata kwamfuta, ya gwada a wata, sa’an nan ya miƙa masa ya ce, “Ka yi haƙuri, Malam. Ƙofar fitar ma ta rufe.”

A bakin kabari matan suka ɗauki waƙar. Da suka kai tsakiya sai muryoyi suka riƙa raguwa, wannan tana duban waccan, har suka yi shiru. Fasto ya jira kaɗan, ya ga babu mai ci gaba, ya yi addu’a.

Ga ma’anar wannan misali, ’yan’uwa. Faifan nan zuciyar mutum ce. Akwai lokacin da zuciya takan daina karɓa. Ayoyin da ka haddace kana yaro suna nan, kana iya jera su. Amma wa’azi ya wuce ta kanka, gargaɗin matarka ba ya shiga, addu’a ta bushe a bakinka. Mutane ba za su gane ba, domin tsohon abu yana fitowa daidai. Kai ne ka sani.

Wannan bushewar ba ita ce cutar ba, alama ce. Akwai abin da ke ruɓewa a ciki, ko ƙiyayyar ɗan’uwa da ka riƙe, ko zunubin da ka saba da shi har ya zama ɗan gida. Jinƙan Allah ne ya sa ka ji nauyin, domin ka tsaya.

Kashewa da kunnawa shi ne mu fita gaba a taron farkawa, mu yi hawaye, mu ji sauƙi na mako guda, mu koma. Kalmomin tilas su ne hidimar da muke ƙara wa kanmu don kada mu zauna mu duba ciki. Na sha ganin wannan a ikilisiya, kuma yana ba ni baƙin ciki, domin masu ƙwazo ne suka fi faɗawa ciki. Ubangiji ba faci yake so ya yi maka ba. Yana so ka ajiye zuciyar a hannunsa, ya buɗe ta, ya ba ka sabuwa.

Ku lura kuma, mutumin nan bai taɓa cewa ba zai kai ba. Kullum cewa yake zai kai. Hasarar ma ba a kansa ta tsaya ba, abin da aka ba shi amana ne ya tafi. In zuciyarka ta daina karɓa amma har yanzu kana jin muryar Ubangiji, to lokacin kwasa bai wuce ba. Ban san ko lokacin zai kai Lahadi mai zuwa ba, kai ma ba ka sani ba.