Mai Injin Niƙa da Waƙoƙin Matarsa

A wani gari akwai wani mutum mai injin niƙa, ana ce da shi Zakka. Shekara talatin da 'yan kai ya yi yana niƙa wa mutane dawa da masara, har garin hatsi ya zauna masa a gira, ba a gane ina ne gari ina ne furfura. Mutumin kirki ne, ba ya taɓa hatsin kowa, ba ya fashin sujada. Sai dai fa Zakka bai iya jira ba. In ya ce a zo, to yanzu yake nufi.

Aikinsa ne ya koya masa haka. Injin niƙa in ya shaƙe ya tsaya, ba a tsayawa kallonsa. Nan take ake kashe shi, a buɗe, a kwashe abin da ya cushe, a sake tayarwa. Wanda ya yi sanyin jiki, bel ɗinsa ya ƙone. Wannan ita ce dokar Zakka: abin da ya tsaya, a kashe a sake tayarwa. Kuma a faɗi gaskiya, a ɗakin niƙa dokar nan ba ta taɓa ba shi kunya ba.

Matarsa Rifkatu mai waƙa ce. Ita ke tsara wa zumuntar mata waƙoƙinsu, ba ta kuwa rubutawa, a ka take riƙe su. Da ciwo ya kwantar da ita, sai 'yarsu Tabita, wadda ke aikin jinya a birni, ta zo gida da tsohuwar kwamfutarta ta tebur. Ta ajiye ta a falo, ta riƙa zaunar da uwar tana rerawa, ita kuma tana ɗaukar muryar a kwamfutar. Waƙa ashirin da bakwai suka ɗauka. Ta ƙarshen ba wanda ya taɓa jin ta a majami'a, domin Rifkatu ta tsara ta ne mako biyu kafin ta rasu. Kuma ba waƙa kaɗai ke ciki ba. Tsakanin waƙa da waƙa ana jin tarinta, ana jin dariyarta, a wani wuri ma ana jin tana cewa, “Baban Tabita, rufe ƙofar nan mana, awaki suna shigo mini cikin waƙa.”

Bayan jana'iza, ranar da Tabita za ta koma bakin aiki, ta fito da ɗan filas sabo a cikin ledarsa, ƙaramin abu kamar ɗan yatsa, wanda ake zuba ajiyar kwamfuta a ciki. Ta ce, “Baba, bari in kwafe waƙoƙin Mama a nan. Minti goma ne.”

Zakka ya leƙa waje ya ga direba ya tsaya a ƙofar gida. Ya ce, “Mutum yana jiranki. Je ki, in kin dawo kya yi.” Ya karɓi filas ɗin ya jefa a aljihun rigarsa ta zuwa sujada.

Kowace Lahadi in an tashi daga majami'a, sai ya zauna ya kunna kwamfutar ya saurari matarsa. Haka aka yi har shekara ta zagayo. Sai ya ce a ransa, bai kamata waƙar nan ta ƙarshe ta zauna a falonsa ita kaɗai ba. Ya je ya sami Mama Asabe, shugabar zumuntar mata, ya gayyace su ranar Asabar da ƙarfe huɗu na yamma, su zo su ji, su koya, su rera ta a sujadar tunawa. Tabita tana bakin aiki ranar, sai Lahadi za ta iso.

Ranar Asabar da hantsi ya goge ƙurar kwamfutar, ya kunna don ya tabbata kome lafiya. Sai ta ƙi buɗewa kamar yadda ta saba. Ta rubuta cewa tana sabunta kanta, kada a kashe ta. Lamba ta fara hawa a fuskarta: goma cikin ɗari, talatin, hamsin. Da ta kai sittin da ɗaya, sai ta tsaya cik.

Zakka ya share tsakar gida ya dawo, sittin da ɗaya. Ya aro bencuna daga maƙwabta ya jera ya dawo, sittin da ɗaya. Ransa ya fara ɓaci. Ya kira Tabita a waya.

Ta ce, “Baba, don Allah kada ka taɓa ta. Dubi akwatin da ke ƙasan tebur. Akwai wata 'yar fitila a gabansa?”

Ya ce, “Akwai. Tana ta ƙyaftawa.”

“Sa hannunka a bayansa. Iska na fitowa?”

“Tana fitowa.”

“To, aiki take yi a ciki, lambar ce kawai ba ta motsa ba. Tsohuwa ce, tana iya ɗaukar awa uku ko huɗu. In fitilar ta daina ƙyaftawa ta daɗe, ka kira ni mu bi ta a hankali. In ma matan sun zo ba ta gama ba, su zauna su jira tare da kai, ai ba baƙi ba ne. Amma kada ka zare wayar wutarta, Baba. Ka ji?”

Ya ce ya ji.

Ya kuwa yi ƙoƙari, kada mu zalunce shi. Ya zauna a gabanta har rana ta take. Ranar ma ko sau ɗaya ba a ɗauke wuta ba, ba abin da ya tsare shi sai lambar nan da ta ƙi motsi. Can sai ya durƙusa ya kara kunnensa a jikin akwatin, kamar yadda yake yi wa injinsa. Ya ji wata 'yar ƙara tana ta maimaita kanta. Ya gyaɗa kai ya ce, “Ta shaƙe. Yarinyar nan jinya ta karanta. Ni shekara talatin ina tare da inji, ita ce za ta koya mini?”

'Yar fitilar tana ƙyaftawa a gaban idonsa. Ya gan ta sarai. Ya miƙa hannu ya zare wayar daga bango.

Ya ƙirga goma ya mayar. Kwamfutar ta kama, ta yi ta juya wata 'yar da'ira a baƙar fuska, ba ta buɗe ba. Ya sake zarewa. Ya sake mayarwa. A karo na uku sai fuskar ta koma shuɗiya, ta fito da rubutun Turanci, tana tambayar abin da yake so a yi.

To, ku saurara da kyau, 'yan'uwa. A wannan lokaci ba a riga an yi hasara ba. Waƙoƙin nan ashirin da bakwai suna nan a ciki, ko ɗaya ba ta ɓata ba. Ƙofar shiga ce kawai ta lalace, kuma wanda ya san aikin zai iya fito da su. Zakka ya ɗauki waya, ya nemo sunan Tabita, ya tsaya yana kallonsa. Me zai ce mata? Ya ce ya yi abin da ta roƙe shi kada ya yi? Shi, ubanta? Kunya ta kama shi. Ya kife wayar a kan kujera.

Yana ɗan karanta Turanci, daidai na mai karanta takardar kayan inji. Ya bi rubutun da yatsa har ya kai inda aka ce a share kome a fara sabo. Ransa ya yi fari. Ai wannan shi ne kwashe abin da ya cushe! Ya danna. Kwamfutar ta tambaye shi ko ya tabbata. Wayyo, har ita ma ta ba shi dama! Bai ko karanta zuwa ƙarshe ba, ya sake dannawa.

Wannan karon lambar ba ta tsaya ba. Ta yi ta hawa har ɗari. Zakka ya yi murmushi, ya je ya yi wanka ya sa rigarsa ta zuwa sujada. Wajen uku da rabi kwamfutar ta buɗe, tas da ita, da sauri kamar sabuwa. Ya kai hannu wurin da ya saba dannawa, inda Tabita ta rubuta “Waƙoƙin Mama”. Ba kome a wurin. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya buɗe duk abin da ke buɗuwa. Wayam. Ya zauna a ƙasa.

Ƙarfe huɗu mata suka iso cikin ankonsu, da tulunansu na kiɗa, suna ta gaisuwa da raha. Suka cika bencuna. Zakka ya fito ya tsaya a bakin ƙofa. Ba a ɗauke wuta ba balle ya ce wuta ce. Ya ce, “Iyayena, na share su. Da hannuna na share su.”

Can Mama Asabe ta share hawaye da bakin zane ta ce, “To, mu rera waɗanda muka sani.” Suka yi ta rerawa, wannan ta tuna baiti, waccan ta ƙarasa. Suka haɗa goma sha tara cikakku, sauran sai guntu-guntu. Da suka gama, Mama Asabe ta juyo ta ce, “Baban Tabita, ta ƙarshen fa? Kai ka daɗe kana jin ta. Rera mana, ko muryar ba daɗi, mu za mu gyara.”

Zakka ya buɗe baki ya rera, “Ya Ubangiji, ban gaji da jiranka ba.” Sai ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Lahadi hamsin ya yi yana jin waƙar nan, bai taɓa zama ya koye ta ba. Don me zai koya, alhali tana cikin kwamfuta? Dattijo mai furfura ya rufe fuska a gaban mata ya yi kuka.

Washegari Tabita ta iso. Ta tafi da akwatin birni wurin masu gyara, bayan mako guda ta dawo da shi, ba a sami kome ba. Ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi, da ya fi masa sauƙi. Abin da ta ce kawai shi ne, “Baba, da ka kira ni.”

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, kowa ya ɗauki nasa.

Lambar da ta tsaya a sittin da ɗaya, lokacin nan ne da muka yi addu'a, muka ga Ubangiji ya fara aiki, sa'an nan kome ya tsaya cik. Ciwon bai warke ba. Ɗan da ya bar hanya bai dawo ba. Gidan da ake ta sulhuntawa yana nan jiya i yau. Muna kallon lamba, muna cewa Allah ya manta. Bai manta ba. Aiki yake yi a ciki, inda ido ba ya kaiwa, kuma bai bar mu babu alama ba. Akwai 'yar fitila tana ƙyaftawa: ƙarfin da ka tashi da shi yau, ɗan'uwan da ya leƙo ya gaishe ka, kalma guda da ta riƙe ka a sujada. Ƙarama ce, shi ya sa muke raina ta.

Zakka ba mugu ba ne, kuma abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Gwaninta ce ta kayar da shi. Dokar da ta ciyar da gidansa shekara talatin ita ce ta raba shi da muryar matarsa, domin ya kai ta inda ba wurinta ba. Kai ma kana da taka dokar. Kin iya kasuwa, ka iya ofis, ka iya ba da umarni a bi. Madalla. Amma zuciyar ɗanka ba injin niƙa ba ce, aurenki ma haka, aikin Allah kuwa balle. Mutum nawa ne a cikinmu suka zare waya daga zumunci, daga addu'a, daga ikkilisiya, alhali saura kaɗan a gama?

Amma ku lura, ba zare wayar ce ta hallaka waƙoƙin ba. Wannan kuskure ne, kuma yana da gyara. Abin da ya hallaka su shi ne wayar da ya kife a kan kujera. Kunya ta hana shi cewa, “Na yi laifi, ki taimake ni,” sai ya rufe ƙaramin laifi da babba. In ka riga ka yi ɓarna, ɗan'uwana, tsaya nan. Kada ka ƙara danna kome. Ka kira ga Ubangiji, ka nemi wanda ya fi ka sani, ko da ɗan cikinka ne. Allah yana gafartawa, ba shakka, kuma ya gafarta wa Zakka. Sai dai akwai abin da in ya tafi, gafara ba ta dawo da shi a duniyar nan.

Sa'an nan maganar Allah da ke ajiye a kan tebur a gidanka, kada ka ce ai tana nan. Abin da ya shiga zuciya shi ne naka. Ka koye ta yau, tun ana jin muryar.

Zakka yana nan yana niƙa. Masu kawo hatsi sun ce ya rage faɗa, har yakan bar tsohuwa ta gama kwance ƙullinta bai ce uffan ba. In injin ya yi shiru, sukan ji shi yana rera layi guda, ya tsaya, ya sake farawa. Filas ɗin nan kuwa yana cikin aljihun rigarsa ta zuwa sujada, har yau ba a fasa ledarsa ba.